Amsa ga Hajiya: Yadda Ƙauyukan Indonesiya Suke Riƙe Talakansu

Tambayar ta zo ne daga wata Hajiya mai shugabantar ƙungiyar mata a garinsu. Ta ce: "A aikin Hajjin bara masaukinmu na kusa da na alhazan Jawa. Na ga tsarinsu, tufafi iri ɗaya, kowane rukuni da jagoransa, ba a barin tsoho ya tafi shi kaɗai. Aka ce mini ƙasarsu Indonesiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, kuma ta rage talauci sosai. Da gaske ne? Me suke yi wa talakan ƙauye? Halin haɗin kai ne kawai Allah ya ba su, ko gwamnati ce ta tsaya?"

Hajiya, barka da sauka, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, ya maimaita mana.

Abin da aka faɗa miki gaskiya ne. A 1976 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce kashi 40 cikin 100 na mutanenta matalauta ne. A watan Maris na 2018 adadin ya sauko ƙasa da kashi 10 a karon farko, ya tsaya a 9.82, zuwa Satumbar 2024 kuma ya kai 8.57, ko da yake an tsaurara ma'aunin a tsakani. Kuma ana maganar ƙasa ce mai mutum miliyan 270 a ƙidayar 2020, warwatse a tsibirai sama da 17,000. Na daɗe ina aikin raya karkara, aikin ya taɓa kai ni wasu ƙauyuka a tsakiyar tsibirin Jawa, saboda haka zan haɗa miki abin da na karanta da abin da idona ya gani.

Bari mu fara da abin da zai yi miki kama da gida. Kalmar da ba ta barin bakinsu ita ce gotong royong, wato ɗaukar kaya tare. Gayyarmu ce sak: a fito da safe da fartanya da shebur a yashe magudanar ruwa, ko a taru a ɗaga wa maƙwabci rufin ɗaki. Suna da arisan, adashi ke nan, sai dai su ƙuri'a suke yi. A rubuta sunaye a 'yan takardu, a nannaɗe, a zuba a kofi a girgiza, wadda sunanta ya faɗo ita ke kwasa. Akwai kuma wata al'ada a Jawa da ta shiga raina, ana ce mata jimpitan. Kowane gida na rataye ɗan gwangwani ko guntun gora a bakin ƙofa. Da yamma uwar gida ta zuba cokali ɗaya ko biyu na shinkafa, ko ƙwandala. 'Yan sintirin unguwa in sun zo wucewa da dare sai su juye a jaka. Da abin da aka tara ake duba mara lafiya, a sayi likkafani, a gyara fitilar layi. Gidan da ya wayi gari ya tarar da shinkafarsa na nan a gwangwani kuwa ya san sintiri bai zo ba jiya, zai kuma yi magana.

To amma Hajiya, gayya da adashi da gudummawar biki mu ma muna da su tun kaka da kakanni. Su ma suna da nasu tun zamanin da yunwa ke kwantar da ƙauyukan Jawa, ba ta kuma hana yunwar ba. Abin da ya sauya, a iya fahimtata, shi ne gwamnati ta koyi sauke kuɗinta da ma'aikacinta daidai wurin da mutane suka riga suka saba haɗuwa. Ta sa wa abin rana, ta sa masa littafi, ta kuma zauna a kai shekara talatin, arba'in, gwamnatoci na zuwa suna wucewa.

Mu da su duk mun ɗanɗani kuɗin tashin farashin mai na 1973. Gwamnatin Suharto, shugaban ƙasarsu na lokacin, duk da ɓarnar da ita ma ta yi, ta karkata wani babban kaso zuwa karkara. Tsakanin 1973 da 1978 an gina makarantun firamare sama da 61,000, kuma yankin da ya fi yawan yara marasa zuwa makaranta shi ya fi samun kaso. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta bi sawun yaran daga baya, ta nuna sun fi na gabansu daɗewa a makaranta, da suka girma kuma sun fi su samun albashi. An zuba kuɗi a taki mai rahusa da sabon irin shinkafa da gyaran hanyoyin ban ruwa, har ƙasar da ta yi suna wajen sayo shinkafa daga waje ta ciyar da kanta a 1984. Daga 1989 aka shiga horar da ungozoma ana zaunar da su a ƙauyuka, cikin shekara goma an tura sama da 50,000.

Amma abin da nake so ki gani da kyau shi ne posyandu, don ya fi komai kusa da irin aikin ƙungiyarku. Awon yara ne da masu ciki, sau ɗaya a wata, a cikin unguwa. Ba asibiti ake zuwa ba. Wanda na halarta a barandar gidan wani mai unguwa aka yi shi. Tun kafin takwas na safe an sanar ta lasifikar masallaci. Mata biyar, dukkansu matan aure 'yan unguwar, suka jera tebur biyar. Na farko ta rubuta suna. Na biyu sikeli ne a rataye jikin azarar rufi, an ɗaura masa zane kamar goyo, a sa yaro ciki yana tsala kuka ana lallashi. Ta uku ta ɗiga alama a katin yaron, mai layin kore da rawaya da ja. Ta huɗu ta zauna da uwar ta yi mata bayani. Tebur na biyar na ungozoma ce da ta zo daga asibitin gunduma a kan babur, da akwatin sanyi na allurar rigakafi. A gefe ga tukunyar kunun koren wake da dafaffen ƙwai, kowane yaro da rabonsa. Da aka kusa tashi, sai na ga ɗaya daga cikin matan ta buɗe littafi tana bin sunaye da yatsa. Ta tsaya a kan biyu. Ta ce yaran nan ba su zo ba, ɗaya kuma watan jiya nauyinsa bai ƙaru ba. Ta naɗe littafin ta sa a jaka, ta ja wata, suka nufi gidajen da ƙafa.

Wannan tafiyar da ƙafa ita ce zuciyar al'amarin. Matan nan ana ce musu kader, 'yan sa-kai ne, kuma akwai irin wannan wurin awo kusan 300,000 a ƙasar, tun shekarun 1980 ake yi. A ƙarƙashinsu akwai rukunin gidaje goma-goma, kowane da macen da ta san wa ke da ciki, wa ta haihu, wane gida ne babu masai. Lokacin da gwamnati ta tashi yaƙi da tsumburewar yara ba sai da ta ƙirƙiro sabuwar hanya ba, ta tarar da wannan a shimfiɗe. Tsumburarrun yara sun kai kashi 37.2 a 2013, suka sauko 30.8 a 2018, sannan 19.8 a 2024. Har yanzu yaro ɗaya cikin biyar ke nan, da sauran aiki.

Kada in ɓoye miki farashin da aka biya. Wannan tsari an gina shi ne a zamanin mulkin soja, ta hannun ƙungiyar mata ta gwamnati mai suna PKK, wadda a kowane mataki matar shugaba ce ke jan ta, daga matar gwamna har matar shugaban ƙauye. Lokacin akwai umarni a ciki, musamman a shirin tazarar haihuwa, inda a wasu wurare aka matsa wa mata lamba fiye da kima. Dokar ƙauyuka ta 1979 ta ɗauki tsarin ƙauyen Jawa ta ɗora wa kowa, ta rusa tsarin gargajiya irin na nagari na mutanen Minangkabau a yammacin Sumatra. Kuma har yau matan kader abin da ake ba su ɗan kuɗin mota ne, bai taka kara ya karya ba. Lafiyar miliyoyin yara na tafiya a kan guminsu, kuma ina ganin suna bin ƙasar bashin albashi, bashi mai nauyi.

Sai aka zo 1997 da 1998, tattalin arzikin Asiya ya kife. Dala ɗaya da ake canzawa kusan rupiya 2,400 ta haura 15,000. Talauci ya koma kusan kashi 24. Suharto ya sauka ranar 21 ga Mayun 1998. A cikin wannan ruɗani ne aka fara wani shiri da bashin Bankin Duniya, shirin raya gundumomi, wanda a 2007 Shugaba Susilo Bambang Yudhoyono ya faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya da sunan PNPM Mandiri. Masu tsara shi sun san cewa kuɗin da ya bi ta ofis-ofis ba ya isa ƙasa da ƙafarsa, don haka suka tsallake ofisoshin. Kuɗi ya sauka kai tsaye a asusun gunduma. Kowane ƙauye ya zauna ya fitar da buƙatunsa, kuma dole a samu wadda ta fito daga zaman mata zalla. Sannan wakilan ƙauyuka su haɗu, kuɗi ba zai ishi kowa ba, sai an yi muhawara: gadarku ce ta fi gaggawa ko famfonmu? Wanda ya samu, mutanen garin ne za su yi aikin da hannunsu a biya su lada, babu ɗan kwangila daga birni. A kafa allo a bakin aikin, a rubuta kuɗin da aka karɓa, buhun siminti nawa, tifar yashi nawa. Kafin a saki kashi na gaba sai an tara gari an karanta lissafi.

Duk sanda na tuna allon nan sai in tuna wata rijiyar burtsatse a wani ƙauye a nan gida da na taɓa zuwa duba aiki. Na tambayi dattawan garin nawa aka kashe, babu wanda ya sani. Wa ya haƙa? Wasu mutane ne suka zo da mota. Ta lalace wata bakwai, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, mata sun koma rafi. Raina ya ɓaci ranar, don kuɗin gyaran bai kai na ragon suna ba.

Sai dai a nan ne nake so ki saurara da kyau, domin mu masu aikin ƙungiyoyi mun cika yarda cewa in an tara jama'a an karanta lissafi, sata ta ƙare. An gwada wannan a Indonesiya, gwaji na gaske. Wani masani, Benjamin Olken, ya bi ƙauyuka 608 da ke gina hanyoyi a ƙarƙashin shirin. Bayan an gama, ya tura injiniyoyi suka haƙa ramuka a jikin hanyoyin suka auna dutse da tsakuwa da yashin da aka zuba da gaske, suka tambayi farashi a wurin masu sayarwa, suka tambayi leburori abin da aka biya su. Suka kwatanta da abin da aka rubuta a takarda. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba. A wasu ƙauyukan an raba takardun gayyata gida-gida don mutane su cika taron lissafi. Mutane sun zo, amma satar kayan aiki ba ta ragu ba, abin da ya ragu kawai shi ne cin kuɗin leburori, domin wannan kowa ya san haƙƙinsa ne a aljihunsa. A wasu ƙauyukan kuma tun kafin a fara aiki aka ce musu tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuma za a karanta sakamakon a bainar jama'a. A nan ne ɓatan kuɗi ya sauko da sama da maki 8, daga kashi 27.7 zuwa 19.2.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manomi zai iya cewa hanyar nan muke so, ba waccan ba, kuma ya fi kowane injiniya sanin inda ruwa ke yanke ta da damina. Amma ba zai iya duban hanya ya ce tifa arba'in aka zuba ko talatin ba. Ko ya gane, wanda ya ci kuɗin surukinsa ne, ko mai ba shi rancen taki, gobe ma tare za su yi sahu a masallaci. Jama'a sun iya zaɓe, sun iya aiki, gadin dukiya kuwa sai an haɗa musu da baƙon ido wanda ba ya jin nauyin kowa a garin.

Haka labarin shinkafar talakawa ya nuna. Daga rikicin 1998 gwamnati ta shafe shekaru tana sayar da shinkafa mai rahusa, shirin da aka fi sani da Raskin: kilo 15 a wata, a kan rupiya 1,600 kowane kilo. A aikace shugabannin ƙauye sukan raba ta daidai wa daida ga kowa don gudun rigima, a ƙara ɗan kuɗi a kan farashi, wani kason ya ɓace a hanya. Talakan da aka yi domin shi bai fi kashi ɗaya cikin uku na haƙƙinsa yake samu ba. Sai aka gwada abu mai sauƙi, aka aika wa gidajen da suka cancanta kati ta gidan waya, ɗauke da suna da adadin kilo. Abin da suke karɓa ya ƙaru da kashi 26, inda aka buga farashi a jikin katin ma ya fi haka. Mace ta tsaya gaban jami'i da kati a hannu, maganarta ta yi nauyi. A 2013 aka raba irin katin ga gidaje sama da miliyan 15, daga 2017 kuma aka fara mayar da tallafin kati mai kuɗi a ciki, mutum ya je shago ya sayi shinkafa da ƙwai da kansa.

To wa ke cewa wane ne talaka? Nan ma sun gwada, a ƙauyuka 640. A wasu, ma'aikaci ya zo da takarda yana duba rufi da daɓe da babur da talabijin, kwamfuta ta fitar da maki. A wasu, aka tara unguwa aka rubuta sunan kowane gida a kati, mutane suka jera su daga mafi ƙunci zuwa mafi wadata. In ana maganar abin da gida ke kashewa ne zalla, takarda ta ɗan fi dacewa. Amma jerin jama'a ya fi kwantar da hankali, ƙorafi ya ragu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun san gidan da rufin kwano ne amma mai gidan ya rasu, sun san wanda ke zaune a bukka amma 'ya'yansa na aiko masa daga Malesiya. Wani abu da aka lura da shi zai amfane ki: gidajen da aka jera a farkon zama an fi yi musu adalci, in zama ya yi tsawo gajiya ta shigo sai a fara jefa kati ko'ina.

Wani shiri da ya shahara sosai shi ne PKH, wanda aka fara a 2007, zuwa 2018 ya kai iyalai miliyan 10. Kuɗi ne ake ba gida bisa sharaɗin mai ciki ta je awo, jariri ya je posyandu, yaro ya zauna a makaranta. A hannun uwa ake sa shi, kuma da dalili: kusan biyu cikin uku na mazan ƙasar na shan taba, a gidan talaka kuma bayan shinkafa babu abin da ke cin kuɗi kamar sigari. Kowane rukunin iyalai na da ma'aikacin rakiya da ke zama da su duk wata. Binciken da aka yi bayan shekara shida ya nuna tsumburewa ta ragu da kashi 23 a cikin yaran gidajen da ke shirin, yaran da ba sa makaranta kuma sun ragu da rabi. A shekara biyun farko ba a ga sauyi a tsayin yara ba. Da an yanke hukunci a lokacin an rufe shirin, da an yi asara.

Kafin PKH akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye. A Oktoban 2005 gwamnati ta zabge tallafin mai, farashi ya ninka. A cikin watan nan aka fara biyan gidajen talakawa rupiya 100,000 na kowane wata ta gidan waya, har adadin gidajen ya kai kusan miliyan 19. An yi rigima a kan sunaye, an yi cunkoso, amma kuɗin ya zo tare da zafin, bai biyo baya da wata shida ba. Rigimar sunayen ce ta tura su gina rajista guda ta talakawan ƙasa a 2011, wadda manyan shirye-shirye suka riƙa ɗiba daga ciki.

A 2014 aka yi dokar ƙauyuka, mai lamba 6, ta mayar da abin da yake shiri ne na wucin gadi ya zama haƙƙi a kasafin ƙasa. Ana ce masa Dana Desa, asusun ƙauye. An fara da kusan rupiya tiriliyan 21 a 2015, ya kai 60 a 2017, ya zauna a wajen 70 daga 2019 zuwa 2025, ana raba wa ƙauyuka kusan 75,000. In kin daidaita, a waɗannan shekarun kowane ƙauye ya riƙa samun abin da ya kusa rupiya biliyan 1 a shekara, wajen dala 60,000. Shugaban ƙauye a can zaɓensa ake yi, kuma akwai majalisar gari a gefensa. An yi hanyoyi da kwalbatoci da kasuwanni da makarantun yara ba adadi. Wasu ƙauyukan sun kafa kamfanin gari. Wanda aka fi ba da misali da shi Ponggok ne a yankin Klaten, inda suka gyara wani tsohon marmaro da ake wanki a ciki ya zama wurin shaƙatawa, yana kawo biliyoyin rupiya, gari na biya wa ɗalibansa tallafin karatu daga ribar. Lokacin korona da wannan asusun aka riƙa ba gidaje rupiya 600,000 a wata.

Ni dai ina ganin an samu kuɗi an rage wani abu. A tsohon shirin kuɗi na hannun kwamitin jama'a, ƙauye sai ya kare buƙatarsa a gaban maƙwabta. Yanzu yana hannun shugaban ƙauye da sakatarensa, ko an yi muhawara ko ba a yi ba zai zo. Ɗaruruwan shugabannin ƙauye sun gurfana a kotu. A 2019 ministar kuɗi Sri Mulyani da bakinta ta tayar da maganar ƙauyukan bogi masu karɓar kaso, aka bi sawu zuwa Konawe a tsibirin Sulawesi. Gwamnatin ƙasa da ke Jakarta, babban birni, kuma kullum ƙara gindaya sharuɗɗa take: a 2022 an ce kashi 40 na tallafin kuɗi ne, 20 na abinci, 8 na korona, abin da ya rage wa taron gari ya yanke bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A 2024 shugabannin ƙauye, bayan sun yi zanga-zanga a ƙofar majalisa, suka samu a tsawaita wa'adinsu daga shekara 6 zuwa 8. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, don ranar zaɓe ita ce ranar da talaka ke da baki.

Ba zan rufe ba ban taɓo malamai ba, tunda a Makka kika gan su. Muhammadiyah, wadda Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta a 1912, labarin da mabiyanta ke yawan bayarwa shi ne ya yi ta maimaita wa almajiransa Suratul Ma'un har suka ƙosa suka ce sun haddace. Ya tambaye su ko sun yi aiki da ita, ya tura su su nemo marayu da miskinai su yi musu wanka su ciyar da su. Yau ƙungiyar na da jami'o'i da manyan makarantu sama da 160 da asibitoci sama da 100, reshenta na mata, Aisyiyah, tun 1917 yake aiki. Nahdlatul Ulama, ta 1926, mai dubban tsangayoyin kwana da ake kira pesantren, ta ɗauki dabarar jimpitan ta raba 'yan akwatuna gida-gida ana tara ƙwandala, wasu rassan har motar ɗaukar marasa lafiya suka saya da ita. Abin lura, dukiyar da sunan ƙungiya ake rubuta ta, in malami ya rasu asibiti ba ya shiga rabon gado.

Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara 1 ga Janairun 2014, gwamnati na biya wa kusan mutum miliyan 96 kuɗin wata-wata. Ta sauƙaƙa wa talaka sosai, sai dai kati ba ya haifar da likita a tsibirin da babu shi.

Nan ne gyambon yake. A Jakarta da Bali talauci wajen kashi 4 ne, a Nusa Tenggara ta Gabas kusan 20, a tsaunukan Papua ya haura haka nesa. Mata 189 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000 bisa ƙididdigar 2020, adadi mai yawa ga ƙasa mai wannan ƙarfi. Layin talaucin nasu ƙasa-ƙasa yake, bai kai rupiya 600,000 ga mutum a wata ba a 2024, miliyoyi na zaune dab da shi, ciwo ɗaya ko ambaliya ɗaya ta mayar da su. Sata kuma ta kai har sama: ministan jin daɗin jama'a Juliari Batubara an kama shi a Disambar 2020 kan cin hanci daga kayan tallafin korona, kotu ta ɗaure shi shekara 12. Sabbin shirye-shiryen Shugaba Prabowo Subianto su ma ina kallonsu da fargaba. Ciyar da ɗalibai kyauta ya fara 6 ga Janairun 2025 da rupiya tiriliyan 71, daidai da asusun ƙauyukan ƙasar gaba ɗaya na shekara, kuma kafin shekarar ta ƙare dubban yara sun kwanta da gurɓataccen abinci. An kuma ba da umarnin kafa ƙungiyoyin gama-kai 80,000 cikin 'yan watanni. Niyyar mai kyau ce, amma daga sama aka jefo su da gaggawa, alhali duk abin da ya yi ƙarko a ƙasar a hankali ya tsiro, ana gwadawa ana gyarawa.

Ku da ba gwamnati ba, Hajiya, abin da ke hannunku ya fi yadda kike zato. Ku tsayar da rana ɗaya a wata wadda ba ta motsi, ko biki ko suna. Ku sami sikeli da babban littafi. Ku raba unguwa gida goma-goma, kowane rukuni da mace ɗaya da za ta san masu ciki da 'yan ƙasa da shekara biyar da sunayensu. Ku je wurin mai kula da asibitin sha-ka-tafi na garinku ku roƙi a turo muku ma'aikaciya ranar, ku ɗauki nauyin man babur ɗinta daga asusun gwangwani. Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita a rubuta a allo inda kowa zai gani, sau ɗaya a shekara kuma ku gayyato wani daga wajen garin, malamin lissafi ko tsohon akawu wanda ba shi da dangi a cikinku, ya bi rasiɗi ɗaya bayan ɗaya ya karanta a gaban taro. Kada ma'ajiyarku ta ɗauka zargi ne, ki faɗa mata tun ranar da aka zaɓe ta. In kun fara, ki rubuto mini yara nawa aka auna a watan farko, nawa ne suka dawo a wata na uku, da kuma wadda ta bi sawun waɗanda ba su dawo ba.